Otal ɗin Tafkin Bagauda: Kafuwarsa, Zamaninsa da Yadda Ya Juya

Sanin kowa ne a wannan ƙasa tamu ta Bebeji cewa idan aka ce wa yaro ɗan shekara ashirin Bagauda, abin da zai faɗo masa a rai shi ne makarantar lauyoyi, da samari da 'yan mata masu sanye da baƙi da fari da yakan gani suna sayayya a bakin titi. Amma wanda ya haura shekara hamsin, sunan yana tuna masa da wani abu dabam, wato otal ɗin nan na bakin ruwa wanda a zamaninsa ake sanya shi cikin wuraren hutawa na ƙasaita a duk faɗin Arewa. Ganin cewa waɗanda suka ga wancan zamani da idonsu suna ta raguwa shekara bayan shekara, mun ga ya dace a wannan fitowa ta mujallarmu mu tattara abin da ya tabbata game da wurin, domin 'ya'yanmu su san abin da aka taɓa ginawa a ƙofar gidansu, da dalilin gina shi, da yadda aka yi ya kuɓuce.

Sunan da kuma masaukan farko

Shi dai wannan suna tsoho ne ƙwarai. Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Bagauda ɗan Bawo, jikan Bayajidda, shi ne sarkin Kano na farko, kuma masana sun ƙiyasta mulkinsa daga shekarar 999 zuwa 1063. Saboda haka sa'ad da aka raɗa wa tafki da otal wannan suna, sunan uban sarakunan Kano aka ɗora musu, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna irin girman burin masu aikin.

Saukar baƙi kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin a yi mafarkin mota, Bebeji zango ce babba a kan hanyar fatake daga Kano zuwa Zazzau, har zuwa Gwanja inda ake ɗauko goro. Ayari yakan sauka da jakai da takarkarai ɗaruruwa, madugu ya nufi gidan fatomansa, sauran jama'a su kafa bukkoki a zango. Fatoma ba ya karɓar kuɗin kwana. Shi ke ba baƙo ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa idan aka yi ciniki bashi, sannan ya sami la'adarsa a cikin cinikin. Ke nan masauki a wancan zamani reshe ne na kasuwa, kuma duk garin ne ke cin moriyarsa, tun daga mai fura da mai tallar ciyawa har zuwa maƙeri da baduku mai gyaran mangala. Baturen nan mai yawon duniya, Kilafatan, ya ratsa ta Bebeji a 1826, ya kuma rubuta labarin girmanta da yawan jama'arta. A cikin gidan fatauci irin wannan aka haifi Alhaji Alhasan Ɗantata a nan Bebeji a 1877, wanda kafin rasuwarsa a 1955 ake lasafta shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Muna so mai karatu ya riƙe wannan siffa ta zango a ransa, domin da ita za mu auna abin da ya zo daga baya.

A farkon watan Fabrairun 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Molan ta fasa ƙofar Bebeji da igwa a kan hanyarta ta zuwa Kano, wadda ta faɗa hannunsu ranar 3 ga watan. Shekara takwas bayan haka, a 1911, jirgin ƙasa ya iso Kano, sai kaya suka koma bin dogo, zangon fatake ya fara mutuwa a hankali. Turawa suka zo da nasu irin masaukin, wato bariki, wanda akan gina a bayan gari bisa tudu, nesa da jama'a, domin Di'o ko Joji ya sauka idan ya fito rangadi. Dattawanmu sun ba mu labarin yadda dagaci kan sa a kai wa bariki ruwa da itace da ƙwai da kaji, sau da yawa ba tare da ko anini ya shiga hannun mai kaya ba. Daga nan ne Bahaushe ya fara ganin wani sabon abu, baƙon da yake nisantar mutane da gangan, wanda keɓewar ita ce jin daɗinsa. Kuma ba a banza ba ne kalmar bariki ta sami mummunar ma'anar da take da ita a bakinmu har yau.

Audu Bako da sha'anin ruwa

Ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12, Kano ta zama jiha mai zaman kanta, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako gwamnanta na farko. Ya karɓi jiha mai ɗimbin jama'a, mai gajeriyar damina, wadda arzikinta ya rataya a kan gyaɗa, ga shi kuma ana tsakiyar yaƙin basasa, baitulmali ba nauyi. Marigayin, Allah ya jiƙansa, ya fahimci cewa ruwan da ke sauka cikin wata huɗu ya wuce ta koguna ya ɓace shi ne dukiyar da Kano ke zubarwa kowace shekara. Don haka ya ɗaura ɗamarar tare shi.

A 1969 aka fara aikin madatsar Bagauda. Manufarta ta farko ita ce ta shayar da gonakin gwaji na noman rani a Kadawa, a ga ko alkama da tumatir da shinkafa za su yi a ƙasarmu idan an ba su ruwa a kan kari. Da gwaji ya yi kyau, sai aka shiga babban aiki, wato madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Tsawon bangonta ya kai kimanin kilomita 6, tsayinsa mita 48, tafkin da ta tara ya mamaye murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan dubu biyu. Ana cikin wannan aiki ne fari mai tsanani na 1972 zuwa 1974 ya afka wa Arewa da ƙasashen Sahel, dabbobi suka mutu ba adadi, hatsi ya yi tsada. Waɗanda a da ke cewa gwamna yana zuba kuɗi a rami sai bakinsu ya mutu.

To, me ya kawo otal cikin maganar noma? Audu Bako mutum ne mai son ya ga Kano ta zama wurin da ake zuwa kallo. Filin jirgin saman Kano tsoho ne, tun 1925 jirage suka fara sauka, kuma baƙi daga Turai sukan yada zango su ga ganuwa da marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, su wuce. Tunaninsa shi ne a ba su dalilin ƙara kwana. Sai ya jera abubuwa kamar carbi: gidan namun daji a cikin birni wanda aka buɗe a 1972, Otal ɗin Daula, wurin cin abinci na Magwan, gandun namun daji na Falgore can kudu, sannan a tsakani otal biyu a bakin ruwa, ɗaya a Bagauda, ɗaya kuma a Tiga bisa dutse, wanda aka sa wa suna Rock Castle. Baƙo zai kwana a birni, ya huta a Bagauda, ya hau dutsen Tiga ya hangi ruwa iyakar ganinsa, ya ƙarasa Falgore ya ga namun dawa. A takarda, tsari ne mai ma'ana ƙwarai. Kuma kuɗin man fetur da suka ɓarke daga ƙarshen 1973 sun sa abin da a da ake gani almubazzaranci ya zama abin da kowace jiha ke gasar yi.

Yadda kwana a can yake

Nisan Bagauda daga birnin Kano kimanin kilomita 60 ne, kuma wannan nisa shi ne jarin otal ɗin. Mutum yakan baro hayaniyar Fagge da ƙurar Sabon Gari, ya bi titin Zariya ya wuce Kura, ya karkata, cikin sa'a guda sai ga shi a wurin da ba ya jin komai sai kukan tsuntsaye. Maimakon dogon bene irin na birni, an warwatsa ɗakunan kwana ne a fili, ƙanana ƙanana, da yawansu zagayayyu kamar ɗakunan karkara, amma a ciki akwai na'urar sanyaya ɗaki da famfo da gado mai katifa da farin zanen gado. Wannan dabara ta ba iyayenmu dariya ba kaɗan ba. Sukan ce ga mutane sun tsere wa bukka sun tafi birni, sun yi kuɗi, yanzu kuma suna biyan kuɗi a mayar da su bukka.

Mu da muke yara a farkon shekarun 1970, daga bayan waya muke leƙe. Sai da muka fita daga kwalejin horon malamai muka kama aiki, sannan wasunmu suka shiga ciki, ko dai da ɗalibai a ranar yawon buɗe ido, ko kuma idan an kira kwas na kwana biyu ko uku. Albashin malamin firamare ba ya kai shi kwana a can da aljihunsa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma wanda ya taɓa wayar gari a wurin a lokacin hunturu ba zai manta ba. Da asuba hazo yakan kwanta a kan ruwa har ba a ganin ɗaya gaɓar, sai dai a ji ƙarar filafilin masunta suna duba tarunsu. Rana na ɗagawa sai belbelu su jeru a bakin gaɓa, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai gadi, kirinjijiya su taso garke guda suna fito. Da rana ga kifi ɗanye daga ruwa zuwa wuta, karfasa ko tarwaɗa, da yamma kuma baƙi su zauna a waje suna kallon rana tana faɗawa bayan itatuwa. Da dare, a lokacin da kaf ƙauyukan da ke kewaye fitilar aci-bal-bal da ta ƙwai ake kunnawa, hasken lantarkin otal ɗin yakan bayyana daga nesa kamar wani gari ya sauko daga sama.

Su wa ke zuwa? A ƙarshen mako akwai Turawa da Kwarori da Indiyawa masu masana'antu a Bompai da Sharaɗa, da iyalansu, da injiniyoyin da ke aikin magudanan ruwa, da malaman jami'a daga Zariya da Kano. Akwai manyan ma'aikatan gwamnati da hafsoshin soja. Akwai kuma sababbin attajirai da kwangila ta yi wa rana bayan ƙarin albashin Udoji. Talakan yankin kuwa shigarsa ta ma'aikaci ce: mai gadi, mai shara, mai wanki da guga, mai ban ruwan furanni, mai kawo kaji da kayan miya ƙofar kicin. Ba za mu raina wannan ba, domin akwai gidaje a Tiga da Bagauda da kewaye waɗanda da albashin otal aka yi musu rufin kwano na farko, aka kuma sa 'ya'yansu a makaranta. Wasu samarinmu a can suka koyi girki da tuƙi da gyaran lantarki, sana'ar da ta riƙe su har tsufa. Sai dai idan aka gwada da zangon fatake, bambancin a fili yake. Baƙon zango yana shiga gari ya ci kasuwa, ya yi aboki, wani ma ya yi aure ya zauna. Baƙon otal yana shigowa cikin mota da gilashi a rufe, ya fita haka, bai san sunan dagacin da aka karɓi gonakin mutanensa aka yi ginin ba. Ga kuma dattawa da malamai da ba su taɓa sakin jiki da wurin ba, suna ganin duk inda aka keɓe aka yi katanga, to bariki ce ta dawo da sabon suna, har wasu kan hana 'ya'yansu neman aiki a can.

Ɗakin taron da ya ga manyan al'amura

A ganinmu, abin da ya ba Bagauda matsayi a tarihi ya fi ƙarfin hutun ƙarshen mako. Keɓewar wurin ta sa ya zama inda ake kai mutane idan ana so su zauna su yi tunani, ba mai fita ganin dangi, ba mai zamewa kasuwa. Daga 17 zuwa 20 ga Afrilun 1977 masana suka taru a otal ɗin suka tattauna abin da farin 1972 zuwa 1974 ya bari a Nijeriya, aka kuma buga takardun taron a littafi wanda masu bincike ke komawa gare shi har yanzu. A farkon 1980 aka yi wani taron a kan sauye-sauyen da ke faruwa a karkarar ƙasar Hausa. Abin lura a nan shi ne, karkarar da ake magana a kanta tana bayan taga, ana hango manomanta suna kai taki gona a kan jaki.

Mu malaman makaranta kuwa, taron da ya fi shafarmu shi ne wanda Majalisar Binciken Ilimi ta Nijeriya ta kira daga 1 zuwa 5 ga Satumban 1980, wanda ya shahara da sunan Taron Bagauda. A lokacin shekara huɗu ke nan da fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a Satumban 1976. Yara sun kwararo fiye da yadda aka ƙiyasta, azuzuwa suka cika suka batse, aka buɗe kwalejojin malamai cikin gaggawa, aka ɗebi wanda ya iya da wanda bai iya ba. Tambayar da aka ɗora a tebur a Bagauda ita ce yadda za a haɗa yawa da inganci. Mu da muka riƙe alli a waɗannan shekaru, da yaro tamanin ko ɗari a aji guda, wasu a gindin bishiya, mun san tambayar ba ta takarda ba ce. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, kuma duk wanda ya leƙa makarantar firamare ta ƙauye zai ga ba a gama amsa ta ba.

Amma taron da ya kai sunan wurin har ƙasashen waje shi ne na sulhun Cadi. A watan Fabrairun 1979 faɗa ya ɓarke a Njamena tsakanin sojojin Shugaba Felix Malloum da na Firayim Ministansa Hissene Habre, ga kuma mayaƙan Goukouni Oueddei daga arewa. Nijeriya ta kira ɓangarorin zuwa Kano a watan Maris, Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya shugabanci zaman, aka kawo su nan bakin tafki inda ba su da hanyar kauce wa juna. Aka cim ma yarjejeniyar da tarihi ya sani da Yarjejeniyar Kano: Malloum da Habre suka sauka, Goukouni ya shugabanci majalisar riƙon ƙwarya, Nijeriya ta aika sojojin kiyaye zaman lafiya. Malloum ya yi zaman gudun hijira a Nijeriya har shekara 23. Zama na biyu a watan Afrilu ya watse ba a daidaita ba, sai a Legas a watan Agusta aka sake ƙulla wata yarjejeniyar, ita ma ba ta hana Habre ƙwace mulki da bindiga a 1982 ba. Ruwa mai sanyi da ɗaki mai kyau suna iya sa abokan gaba su sa hannu a takarda, amma abin da ke cikin zukatansu da shi suka koma gida.

Gangarowa

A ranar 29 ga Yulin 1975 aka hamɓarar da gwamnatin Gowon, Audu Bako ya sauka tare da sauran gwamnoni, Kanar Sani Bello ya gaje shi, shi kuwa Audu Bako ya rasu a 1980. Otal-otal ɗin da ya bari mallakar gwamnati ne, kuma a nan cutar take. Otal na gwamnati, babban mai cinikinsa ita ce gwamnati, ita ce kuma mafi jinkirin biya. Muddin kuɗin mai na shigowa ba a ganin ɓarakar. Da farashin mai ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan shirin SAP ya zo a 1986 darajar naira ta zube, sai komai ya fito fili. Na'urar sanyaya ɗaki da injin wuta da famfon tura ruwa duk daga waje ake sayo kayan gyaransu, kuɗinsu ya ninka sau da yawa. Masana'antun Kano suka fara rage ma'aikata, baƙin da ke cika wurin ranar Asabar suka tattara suka koma ƙasashensu. Ma'aikacin da a da yake iya kai iyalinsa hutu ya koma lissafin kwanon masara. Ga shi kuma wurin da aka gina domin keɓewa ba shi da masu wucewa da za su faɗo ciki kamar otal ɗin bakin tasha. Nisan da ya zame masa jari a lokacin wadata shi ya zame masa sarƙa a lokacin tsanani.

Sai kuma ga musibar watan Agustan 1988. A wannan shekara an yi ruwan sama irin wanda dattawa suka ce sun daɗe ba su gani ba, gidajen ƙasa suka yi ta rushewa a birni da ƙauye. Madatsar Bagauda ta cika ta kasa ɗauka, ta ɓalle. Ruwan da aka tara domin ya rayar da gonaki ya bi ta kansu, ya tafi da amfanin gona ana dab da kaka, ya rusa gidaje, ya ci dabbobi da rayukan bayin Allah. Waɗanda suka je washegari sun tarar da tafkin ya koma fili na taɓo, kifaye suna ta mutsu-mutsu, otal ɗin bakin tafki ya wayi gari ba tafki. Daga baya an gyara madatsar ruwa ya sake taruwa, amma otal ɗin bai sake komawa yadda yake ba.

A nan ya kamata mu faɗi wata magana da ba a cika son faɗa a taron yabon magabata ba. Madatsun nan sun kawo alheri mai yawa. Duk wanda ya ga lodin tumatir da albasa da shinkafa da ke fita daga Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam a tsakiyar rani, ya kuma san cewa birnin Kano ma daga wannan ruwa yake sha, ba zai yi musu ba. Amma akwai waɗanda suka biya farashi. Dubban mutane aka tasa daga garuruwansu da gonakinsu da maƙabartun iyayensu kafin ruwan Tiga ya rufe su, aka mayar da su sababbin matsugunai a ƙasar da ba ta kai tasu albarka ba. Tsargiya da zazzaɓin cizon sauro sun sami gindin zama a bakin magudanai, mun gani a jikin ɗalibanmu. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗejiya da Nguru, ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, musamman bayan an ƙara madatsar Challawa a 1992, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Baƙon da ke zaune a barandar Rock Castle yana sha'awar faɗin ruwa ba lallai ne ya san akwai kufai a ƙarƙashinsa ba.

Daga masauki zuwa makaranta

Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya a Legas ta fara, ta kuma mayar da hedikwatarta Bwari kusa da Abuja a 1997. Da yawan masu kammala digirin lauya ya fi ƙarfin gurabenta, sai aka yanke shawarar buɗe rassa, ɗaya a Agbani ta Jihar Inugu, ɗaya a Kano. A farkon shekarun 2000 gwamnatin jiha ta miƙa ginin otal ɗin Bagauda domin wannan aiki. Ɗakunan da manyan baƙi suka kwana suka zama makwancin ɗalibai, mutum da yawa a ɗaki guda.

Ra'ayin mutanenmu ya rabu a kan wannan, kuma har yau bai haɗu ba. Wasu na ganin an yi asarar abin alfahari, jiha mai girman Kano ta kasa riƙe wurin hutawa guda a bakin ruwa. Mu dai namu ganin, idan aka dubi abin da ya sami ɗan'uwansa na Tiga, wanda ya shafe shekaru masu yawa cikin rashin kulawa ana ta yi masa alkawarin farfaɗowa, da Falgore wanda a wani lokaci ya zama maɓoyar ɓarayin shanu, to Bagauda ta yi sa'a. Ginin da mutane ke ciki ba ya mutuwa da wuri. Bugu da ƙari, ɗalibin lauya ya fi baƙon otal kama da bafataken da. Yakan zauna watanni, ya fito ƙofa ya sayi shayi da tsire da ruwan leda, ya hau babur, ya ba tela ɗinki, ya koyi sannu da na gode. Kowace shekara ɗaruruwan matasa daga Kalaba da Ibadan da Onica da Makurɗi, waɗanda da yawansu ba su taɓa tsallako Kwara ba, suna komawa gida da sanin cewa akwai wani wuri a Arewa da suka zauna lafiya da mutanensa. Ga kuma tashoshin binciken noma da na kiwon kifi da suka zauna a kewayen tafkin, waɗanda su ma albarkacin ruwan suka zo.

Abin da ya rage shi ne na tarihi, kuma shi ne mai saurin ɓacewa. Akwai tsofaffin ma'aikatan otal ɗin da ke raye a cikinmu, waɗanda suka ɗauki akwatin wakilan Cadi, suka dafa wa mahalarta taron 1980 abinci, suka kwana a bakin aiki daren da madatsa ta ɓalle. Akwai kuma iyalan da aka tasa daga kufan Tiga, waɗanda har yanzu suna iya lissafa sunayen unguwanninsu da rijiyoyinsu da kukokin da ke bakin kasuwarsu. Muna roƙon duk mai tsohon hoto, ko katin aiki, ko takardar diyyar gona, ko rasit na otal ɗin, ya kawo wa sakataren ƙungiya a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa. Malaman makarantunmu na sakandare kuma su tura ɗaliban ajin ƙarshe wurin waɗannan dattawa a lokacin hutu, da littafi da biro, ko da wayar hannu mai naɗar murya, a fara da waɗanda suka fi tsufa.